Kuɗin jirgin ƙasa: mai hawa ne zai biya ko baitulmali?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Abuja, iyalina suna Kaduna. Kusan kowace Juma'a a jirgin ƙasa nake komawa gida, in dawo ranar Lahadi. Lokacin da aka buɗe layin nan kuɗin tikiti bai kai naira dubu ɗaya ba, yanzu ya ninninka, kuma kullum ana raɗe-raɗin za a sake ƙarawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, jirgin nan da kuɗin gwamnati aka yi shi, wato kuɗinmu, kuma ana cire mini haraji tun kafin albashi ya shigo hannuna. To don me zan sake biya da tsada haka? Wani abokin aikina kuma ya ce mu masu hawa mu ya kamata mu biya komai, don babu dalilin da za a ɗauki kuɗin mutumin ƙauyen da bai taɓa ganin jirgi ba a rage mana kuɗin hawa. Wa ke da gaskiya a cikinmu?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya tsare hanya, ya sa a riƙa iske iyali lafiya. In na fahimce ka, tambayarka biyu ce a haɗe: me ya sa kuɗin ke hawa, kuma a wuyan wa nauyin jirgin ya kamata ya rataya. Zan fara da matsayina, sannan in kawo dalili. Shimfiɗa dogo da biyan bashinsa nauyin baitulmali ne, kamar yadda gina titi yake. Man da jirgi ke sha da albashin masu tafiyar da shi, mafi yawansu ya kamata su fito daga aljihun masu hawa da masu ɗora kaya. Sai kashi na uku, wato gyara da kula, wanda a ƙasarmu aka saba bari babu mai biya, kuma shi ne ya fi tayar mini da hankali fiye da farashin tikiti.

Na yi shekaru ina riƙe da lissafin wani kamfanin sufuri na gwamnatin jiha, daga baya na koma yi wa masu harkar sufuri ƙididdigar farashi. Ni mutumin lissafi ne, ba injiniyan dogo ba, don haka maganar ingancin ƙarfe da ta gada na bar wa masu ita. Maganar kuɗi ce tawa.

Lissafin Idu zuwa Rigasa

Layin da kake hawa, daga tashar Idu a Abuja zuwa tashar Rigasa a Kaduna, tsawonsa kilomita 186 ne. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya gina shi, aka buɗe shi a watan Yulin 2016, kuma ya ci sama da dala miliyan 870. Daga ciki dala miliyan 500 bashi ne daga bankin Exim na ƙasar Sin, wanda za a biya cikin shekara 20, aka ɗaga ƙafa a shekara 7 na farko. Ka ga ke nan maganarka cewa da kuɗinmu aka yi jirgin tana buƙatar gyara kaɗan: fiye da rabinsa da kuɗin aro aka yi, kuma har yanzu ana kan biya.

Bari mu gwada shawarar abokinka a kan wannan bashin kaɗai. Dala miliyan 500 a raba wa shekara 13, kowace shekara ta tashi kimanin dala miliyan 38, ban da kuɗin ruwa. A canjin naira 1,500 da aka gani a 2024, wannan ya haura naira biliyan 57 a shekara. Mu ƙaddara, don misali kawai, mutum miliyan ɗaya da rabi ne ke hawa layin a shekara. Kowane tikiti zai ɗauki naira 38,000 ta bashi zalla, ba a zuba wa jirgi ko lita ɗaya ta mai ba, ba a biya mai duba tikiti ba. Wannan ƙiyasi ne na sama-sama, kana iya canza yawan fasinjan yadda ka ga dama, amma ko ka ninka shi biyu amsar ba za ta zo kusa da abin da ma'aikaci zai iya biya ba. Alkaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna a 2023 duk fasinjojin Hukumar Jiragen Ƙasa, a dukkan layukanta, miliyan biyu ne da ɗoriya, kuma kuɗin da aka samu daga gare su bai kai naira biliyan biyar ba.

Saboda haka in aka ce fasinja ya biya komai, abin da zai faru shi ne tarago ya tafi wayam. Mutane su koma mota, kuɗin shiga ya ragu, bashin kuma yana nan daram sai an biya shi daga baitulmalin da aka ce ana so a sauƙaƙa wa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ko kuɗin tafiyar yau da kullum ma bai fito ba a farko. Ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya taɓa bayyana cewa ana kashe kimanin naira miliyan 56 a wata wajen tafiyar da layin, ana samun kimanin miliyan 16. Wato arahar nan da kake tunawa ta farko, gwamnati ce ke cike fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗinta.

Me ya sa yake hawa

Babban ƙarin da aka yi shi ne na watan Yulin 2020, bayan kullen korona, lokacin da aka mayar da ƙaramar kujera naira 3,000 da hujjar cewa za a rage yawan mutane a tarago don ba da tazara. Korona ta wuce, farashin bai dawo inda yake ba. Sai harin 28 ga Maris 2022 a kusa da Katari, inda aka rasa rayuka aka kuma sace fasinjoji fiye da 60. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Jirgin ya yi wata takwas a ajiye, babu ko kwabo da ke shigowa, albashi kuma yana tafiya. Da aka dawo a watan Disamba na shekarar, ƙaramar kujera ta koma naira 3,600, kuma an ƙara wa layin nauyin tsaro da ba shi da shi a da.

Ƙarƙashin duk wannan akwai abu biyu da suka fi ƙarfin hukumar jirgi. Na farko man dizal, wanda da shi kan jirgin ke aiki, kuma tun da daɗewa babu tallafi a kansa. A 2022 kaɗai farashinsa ya ninka fiye da biyu. Na biyu dala. Kan jirgi, tarago, birki, na'urorin ba da hannu, kusan duk kayan gyaransu daga waje ake sayowa. Lokacin da aka buɗe layin dala tana wajen naira 300 a farashin gwamnati. In ka auna naira 3,600 da dalar 2024, za ka ga ba ta kai dala biyu da rabi ba. A idon mai sayo kayan gyara tikitin arha ne ƙwarai.

Amma kai ba da dala ake biyanka ba, kuma wannan ne ya sa kukanka yake da tushe. Zuwa da dawowa sau huɗu a wata a kan naira 3,600 ya kama naira 28,800. Lokacin da aka sa wannan farashi mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, wato kusan albashin ƙaramin ma'aikaci gaba ɗaya. Ko bayan an kai shi naira 70,000 a 2024, kashi 40 cikin ɗari ne da ɗan ɗori. Tikitin ya yi wa jirgin kaɗan, ya yi wa ma'aikaci yawa, kuma wannan ratar ita ce ainihin abin da ake gardama a kai.

Hujjar abokinka, da inda ta tsaya

Ba na so ka raina maganar abokin naka, domin akwai adalci a cikinta. Matar da ke sayar da ƙosai a Ningi ko manomi a Illela suna biyan haraji ko ba su sani ba, a duk lokacin da suka sayi katin waya ko wani kayan kanti da ke ɗauke da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, kuma arzikin man fetur da ake biyan bashi da shi nasu ne kamar yadda yake naka. Su wa suka fi cika jirgin Abuja zuwa Kaduna? Ma'aikata, 'yan kasuwa, 'yan siyasa, manyan jami'ai, musamman a shekarun da garkuwa da mutane ta hana manya bin titi. In aka rage wa kowa kuɗi bai ɗaya, babban sakatare da ke zaune a kujerar manya ya fi kowa cin tallafin, domin kujerarsa ta fi cin wuri. Wannan ba daidai ba ne, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Jirgin kyauta da aka yi na makonni biyu a ƙarshen 2023 ma haka yake: mutane sun ji daɗi, amma dizal ɗin da aka ƙona wani ne ya biya.

Inda na rabu da shi shi ne zaton cewa mai hawa kaɗai ke cin moriyar jirgi. Tambaye shi: in ya shiga mota daga Mando ko Kawo zuwa Zuba, nawa ne a cikin kuɗin motarsa ke zuwa ga gina titin? Babu. Tun zamanin Obasanjo aka rushe shingayen karɓar kuɗin hanya, kuma aikin sake gina titin Abuja zuwa Kano da aka fara a 2018 daga asusun jama'a ake biyansa. Ba wanda ya ce direban tirela ya biya kuɗin kwalta kafin ya wuce, alhali tirelarsa ce ke farfasa ta. In aka ce jirgi ya biya hanyarsa, mota kuma a ba ta hanya kyauta, an riga an kayar da jirgin tun kafin a shiga fili.

Sannan duk mutum ɗari da suka hau jirgi, motoci goma sha ne da ba su hau titi ba: haɗari ya ragu, cunkoso ya ragu, kwalta ta ƙara kwana. Mai fili a Rigasa da Kubwa ya ga darajar filinsa ta tashi bai ɗaga ko tsinke ba. Mai adaidaita, mai abinci, mai masauki a bakin tasha duk sun samu. Ma'aikatar da kake wa aiki ma ta samu, domin jirgin ne ya sa ta iya riƙe ma'aikacin da ba zai iya kama hayar gidan iyali a Abuja ba. Waɗannan duka masu cin moriya ne da ba sa sayen tikiti, kuma haraji ita ce hanyar da ake bi a karɓi nasu kason.

Ƙasashen da suka daɗe a harkar sun gwada kowane ɓangare. Ingila ta sayar da harkar jirgi ga 'yan kasuwa a tsakiyar shekarun 1990, kuma daga 2004 ta yi kusan shekara goma tana ƙara kuɗin tikiti sama da hauhawar farashi da gangan, don nauyin ya koma kan fasinja. Duk da haka baitulmali bai taɓa fita ba, kuma da korona ta zo a 2020 gwamnati ce ta ɗauki asarar gaba ɗaya. Yanzu ma kamfanonin suna komawa hannunta ɗaya bayan ɗaya. Jamus ta bi ɗaya hanyar: a 2022 ta yi wata uku tana sayar da tikitin wata a kan yuro 9, aka sayi kimanin miliyan 52, amma da aka zo mayar da shi na dindindin sai da ya koma yuro 49 a 2023, ya koma 58 a 2025, duk da yuro biliyan 3 da gwamnatin tarayya da jihohi ke zubawa a shekara. Japan da ake misali da ita wajen jirgi mai riba, sai da gwamnati ta ɗauke mafi yawan tulin bashin kafin ta raba kamfanin a 1987, kuma na tsibirin Hokkaido mai ƙarancin jama'a har yau da tallafi yake tafiya. Wadda ta fi burge ni ita ce dabarar Faransa: tun 1971 aka fara karɓar wani ɗan kaso daga masu ɗaukar ma'aikata a Paris don tafiyar da sufurin jama'a, bisa hujjar cewa jirgi da bas ne ke kawo musu ma'aikatan. Kenya kuwa ta sa harajin dogo a kan kayan da ake shigowa da su tun 2013, amma hakan bai hana ta ƙara kuɗin jirgin Mombasa zuwa Nairobi daga shilin 1,000 zuwa 1,500 a farkon 2024 ba.

Abin da na gani da idona

Yanzu ga kashin nan na uku. A kamfanin da na yi wa aiki, an sayo mana motocin bas sababbi fil, aka yi bikin ƙaddamarwa, aka ba mu umarni mu riƙa karɓar kuɗi ƙasa da na tasha don a sauƙaƙa wa talaka, da alkawarin za a riƙa cike mana gibin duk wata. Watannin farko an cike. Daga nan sai ya koma sai mun yi ta zarya da takarda, daga baya ya tsaya cak, umarnin rage kuɗi kuma yana nan. Mai dole ne a saya, albashi dole ne a biya, to daga ina za a rage? Daga juyen baƙin mai, daga taya, daga birki. Na sa hannu a kan takardun ɗage gyara da na san bai kamata a ɗage ba, kuma har yau abin yana damuna. Mota ta lalace, sai a ciro kayan wata a sa mata. Cikin 'yan shekaru harabar ta cika da gawarwakin motoci, masu tafiya ba su fi a ƙirga da yatsu ba, talakan da aka ce ana tausayawa ya koma tasha yana biyan cikakken kuɗi.

Jirgin ƙasa ya fi bas haɗari a wannan fuska, domin lalacewarsa ba ta nunawa da wuri. Ana iya shekara biyu ba a ƙara tsakuwa a ƙarƙashin dogo ba, ba a yashe magudanan ruwa ba, ba a yi wa kan jirgi babban gyara ba, fasinja bai lura da komai ba. Sai tafiyar awa biyu ta fara zama uku, sai sawu ya ragu, sai jirgi ya mutu a daji, sai wata rana ya goce daga kan layi. In gwamnati ta hana ƙarin kuɗi kuma ta ƙi sakin tallafi, dogon ne ke biya da jikinsa.

Mun taɓa ganin haka. Jirgi ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. A 1964 reluwe ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Bayan shekara goma fasinjan ya faɗo ƙasa da miliyan biyar. Abin da ya riƙe reluwe a zamanin ƙarfinta kaya ne: gyaɗar dalar Kano, auduga, fatu da ƙiraga, kuzar Jos, kwal ɗin Inugu, shanu. Da kayan suka koma kan tirela, kuɗin gyara ya ƙafe, sauran labarin kuwa duk wanda ya ga tsofaffin tashoshi a Zariya ko Gusau ya san shi. A Indiya har yau ribar dakon kaya ce ke rufa wa kujerar talaka asiri, har ma suna rubutawa a jikin tikiti cewa kashi 57 cikin ɗari na kuɗin tafiyar kawai ake karɓa daga fasinja. Layin Abuja zuwa Kaduna shi kaɗai guntu ne, bai taɓa tashar ruwa ba, bai kai Kano ba, don haka kusan fasinja kaɗai yake da shi. Sai ya haɗu da Legas ta kudu da Kano ta arewa, kwantena ta riƙa tasowa daga Apapa zuwa tashoshin tudu na Kaduna da Dala a kan sabon dogo, sannan lissafinsa zai fara kama hankali.

Da ni za a tambaya

Kafin a ƙara ko naira ɗaya, a fara toshe ɓaraka. Cuwa-cuwar tikiti a wannan layi ba ɓoyayyen abu ba ne, ita ce ma ta sa aka kawo sayar da tikiti ta intanet a farkon 2021. Duk tikitin da fasinja ya saya ninki biyu a hannun ɗan cuwa-cuwa shaida ce cewa kuɗin yana nan, hanyar da yake bi ce ba ta kai wa jirgi. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Sannan a ƙara sawu. Dogo da tasha da ma'aikata kuɗinsu kusan ɗaya ne ko jirgi ya wuce sau huɗu a yini ko sau goma sha biyu, don haka kowane ƙarin sawu mai cike da mutane yana rage abin da ya hau kan kowace kujera. Sayen ƙarin tarago ya fi ƙarin farashi kawo kuɗi a layin da mutane ke rububin tikiti.

Kujerar manya ta biya cikakken kuɗinta har da ɗori, babu tallafi ko kaɗan. Tallafi ya tsaya a ƙaramar kujera, a kuma fito da tikitin wata mai rangwame ga irinku masu zirga-zirga kowane mako, da ɗalibai. Filayen da ke kewaye da tashoshi a gina shaguna da wuraren ajiye motoci a ba da haya, kuɗin ya shiga asusun gyara, kamar yadda kamfanin jirgin Hong Kong ke samun kaso mai tsoka na ribarsa daga gine-gine. Tallafin kansa a rubuta shi a kasafin kuɗi da adadinsa, a ce ga abin da aka saya da shi: sawu kaza a yini, farashi kaza, gyara kaza, a kuma buga lissafin kowa ya gani. Ƙarin farashi ya zama kaɗan-kaɗan a lokacin da aka sani, maimakon a yi shiru shekara uku sannan a ninka dare ɗaya.

Ba zan ɓoye maka ba, ko an yi duk wannan, da wuya tikitinka ya koma yadda ka san shi a 2016, kuma mai yiwuwa ya ɗan ƙaru. Iyakar inda lissafi zai kai mu ke nan. Nawa za a ware wa jirgi a ƙasar da asibiti da makaranta ke jiran kuɗi ɗaya, wannan zaɓi ne na jama'a da wakilansu, akanta ba zai yanke shi ba.

Maganar ma ba ta layinku kaɗai ba ce. Tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi sun samu ikon yin nasu jiragen ƙasa, kuma ana kan aikin layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Mutanen waɗannan garuruwa, galibinsu ba su da ƙarfin aljihun masu hawa daga Idu. In ka samu dama a ƙungiyarku ta ma'aikata ko wajen ɗan majalisarku, ka nemi a faɗa muku abu uku a rubuce game da kowane layi: nawa ake kashewa a shekara wajen tafiyar da shi, nawa tikiti da kaya ke kawowa, nawa kuma aka ware wa gyara aka kuma saki da gaske.